Kiɗa na Ɗaya da Kiɗa na Biyu

Kafin in ci gaba, bari in amsa wa baiwar Allahn da ta rubuto min cewa, "Anti, ki yi aure kawai ki huta." Na gode, ƙanwata. Da na san a kanti ake sayar da shi, da tuni na aika an sayo min.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: shekarata arba'in da biyu, aikina tace fim. Ni ce mai zama a ɗaki mai duhu ina yanke inda jarumi ya manta maganarsa, ina liƙa inda ya tuna. Mijina mai yi wa finafinai kiɗa ne, shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Akwai mai nemana da aure, shi ma sana'arsa ke nan, kuma laifinsa ɗaya a wurina: bai iya ba. Haka na yi ta faɗa wa duk wanda ya tambaya, da ma wanda bai tambaya ba, har zuwa Talatar da ta wuce.

Ba waƙoƙin rawa nake nufi ba. Ina nufin kiɗan nan da ke tafiya a ƙarƙashin magana, wanda ba ka lura da shi sai ya riga ya gama aikinsa a kanka.

Marigayi ya raba masu wannan aiki gida uku. Akwai 'yan sanda, masu ce maka yi kuka yanzu ko in tafi da kai. Akwai 'yan rakiya, jarumi ya ruga su ruga, ya zauna su zauna, ba su da ra'ayin kansu. Sai masu jira. Da na tambaye shi su wa ke gida na uku, ya ce har yanzu shi kaɗai ne, amma bai kulle ƙofa ba. Tawali'u bai taɓa damunsa ba, Allah ya jiƙansa.

In aka kawo masa wata fitowa ta fim, sai ya kashe sauti ya kalle ta sau uku, hannu a haɓa. Sau da yawa yakan ce, "Nan ba sa bukatata." Dokarsa ɗaya ce: ba a yi wa mai kuka kiɗa. A bar ta ta gama, ta share fuska, ta tashi ta kama wani ɗan aiki. A nan kiɗa zai shigo, domin a nan ne mai kallo ke gane cewa duniya za ta ci gaba ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Mai nemana a ƙarƙashinsa ya koyi aiki, shekara bakwai, kafin ya buɗe nasa situdiyon. Marigayi ne ya raɗa masa suna Albasa, don kiɗansa ba ya shawara da idonka. Jaruma ta ɗan sunkuyar da kai, sai kiɗan goge. Ta ɗago, goge. Ta nemi takalminta, goge. Sunan ya bi shi har shi ma yana amsawa. Kuma kasuwa tasa ce, wannan ban taɓa musu ba.

Ranar Lahadi da rana ina falon Umma, na miƙe ƙafa a kan kujerar nan mai tabon shayi da aka rufe da ƙyalle tun ina jami'a. Fanka na juyawa da ƙara kamar ana yi mata dole. Umma tana ninke mayafai, Yayata tana gyara farce, sai wayata ta yi haske.

"Matar Oga, barka da rana. Ya jikin Umma? Na ga hadari ya haɗo, ki tuna gilashin motarki na baya ba ya rufewa."

Shekara guda yana nemana, har yau Matar Oga yake ce min. Ku gaya min, wane irin mai neman aure ne zai riƙa tuna miki da mijinki sau uku a rana kamar magani?

"Shi ne?" in ji Yaya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Masu hasashen yanayi ne."

Umma ta ajiye mayafin da ke hannunta. "Ke, wai mutumin nan me ya yi miki? Ba ya sha, ba ya zagi, ya zo nan ya zauna a ƙasa ya gaishe ni, gwiwarsa har ƙara take. Me kike so, wanda zai sauko daga sama?"

"Umma, kiɗansa ba shi da kyau."

"Kiɗan za ki aura?"

"Da shi zan riƙa tashi da safe."

Yaya ta hura farcenta. "Ke dai ki ce har yanzu kina auren marigayi, mu daina wahalar da baki. Shekara huɗu kofinsa yana nan inda ya ajiye. Ƙura ma ta gaji da shi."

Abin ya soke ni, shi ya sa na yi dariya. Na ce, "To ku ji. Ranar da na saurari kiɗan Albasa da na marigayi na ce na Albasa ya fi, a ranar ku kira shi ku ba shi amsa."

"Umma, kin ji ko? Ke ce shaida."

"Na ji," in ji Umma. "Allah ya nuna mana."

Na ce amin da ƙarfi, don na san abin da na sa a gaba. Akwai wani fim da ya kwanta tun rasuwar marigayi, yanzu Darakta ya tashe shi, ni ke tacewa. Marigayi ya riga ya yi wa fitowar ƙarshe kiɗa kafin a kwantar da shi a asibiti. Shi ne aikinsa na ƙarshe a duniya. Ban taɓa saurara ba. Kwamfutarsa na ɗauka gaba ɗaya na miƙa wa Darakta na ce ya nemo da kansa, ni ba zan iya ba. Sauran fim ɗin kuma Albasa aka ba, kuma shi ma ya yi wa fitowar ƙarshen nasa kiɗan. Ɗaya ne zai shiga. Ni kuwa na rantse a raina cewa sautin ƙarshe da mijina ya bari ba zai mutu a cikin kwamfuta ba.

Talata da safe na sa doguwar rigata mai ruwan toka, wadda Yaya ke cewa tana sa ni kama da labulen ofis. Na tarar da Darakta a ɗakin tacewa yana juya filashin kwamfuta a yatsa. Ɗakin ba taga, sai allo biyu, lasifika biyu, da kujerar da ƙafarta ɗaya ke kan littafi.

"Anti, ga su nan. Na cire sunaye. Na ɗaya da na biyu kawai."

"Jarrabawa za ka yi min?"

"Kowa ya san a maganar Oga ke ba alƙali ba ce, lauya ce. Ki saurara, wanda kika zaɓa shi zai shiga. Ba zan sa baki ba."

"Yaro, shekara goma sha biyar ina kwana ina tashi da kiɗan mutumin nan. Daƙiƙa uku ta ishe ni."

Ya kalle ni kamar zai ce wani abu, sai ya ce zai je shan shayi.

Fitowar ba ta da magana. Wata tsohuwa ce a ɗakin ɗanta da ya rasu, tana ninke rigunansa. Ta kai kan wata, ta tsaya, ta yi kuka. Sannan ta lura maɓalli ɗaya ya kusa cirewa, ta tashi ta nemo allura.

Na ɗora na ɗaya.

Tun tsohuwar ba ta taɓa riga ba goge ya shigo. Bayansa sarewa, bayanta fiyano, kowa na ƙoƙarin hawa kan ɗan'uwansa, can daga baya wata ganga ta shigo ta ƙasa tana dukan ƙirji. Sautin sama-sama kuma an ɗaga shi har yana sukar kunne. Da ta fara kuka ban ma ji kukan ba, kiɗan ya danne ta. Na yi tsaki. Na ce a fili, "Albasa, ko gishiri ma ana sa masa iyaka." Na ji daɗi, wallahi. Irin daɗin da mutum ke ji idan abokin gaba bai ba shi kunya ba.

Na ɗora na biyu.

Shiru. Sai ƙarar yadi yana goga yadi, da numfashin tsohuwar. Ta yi kukanta ita kaɗai, ba wanda ya taya ta. Ta share fuska da bayan hannu. Ta ga maɓallin. Ta tashi. Sai da ta sa zaren a baki ta jiƙa shi, sannan fiyano ya taɓa sau uku, a hankali, ya dakata, ya ƙara ɗaya.

Na kifa kaina a kan teburin. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka dawo da kayansa daga asibiti a cikin leda. Na ce, ka gan ka, har a ƙarshe ba ka yi gaggawa ba.

Da Darakta ya dawo na riga na gyara fuska na koma lauya.

"Na biyu. Kuma ka gaya wa mutuminka, kiɗan fim ba taron jama'a ba ne."

Ya ajiye kofinsa a hankali. "Anti, kin tabbata?"

"Ka taɓa jin an tambayi mace ko ta tabbata da muryar mijinta?"

"Ke za ki rubuta jerin sunaye na ƙarshen fim," ya ce, yana kallon ƙasa. "An roƙe ni in yi shiru. Amma ba zan bari ki rubuta abu da hannunki ba ki san me kike rubutawa ba. Na ɗaya ne na Oga."

Ban yi masa gardama ba, ni ma'aikaciya ce. Na buɗe bayanan fayil ɗin na duba kwanan wata. Na ɗaya, shekara huɗu da wata biyu, sati guda kafin asibiti. Na biyu, watan jiya.

Situdiyon Albasa yana saman wani shagon gyaran waya, matakalar ƙarfe ce mai rawa. Ban taɓa hawa ba sai ranar. Ya buɗe ƙofa da tabarau a goshi, rigarsa maɓallin sama ya shiga ramin ƙasa. Bangon ɗakin soso ne baƙi, ga fiyano biyu, ga kofuna uku da ba a wanke ba.

"Matar Oga! Lafiya?"

"Ɓarawo."

"To, shigo ki zauna ki faɗa min abin da na sata."

"Salonsa. Ka zauna ka kwaikwayi mamaci don ka ci ni da yaƙi."

Ya sauke tabaraun, ya goge su da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

"Darakta ya faɗa miki ke nan. Na roƙe shi ya ce na biyun na Oga ne. Shekara goma yana yi wa 'yan wasa ƙarya, sai yau ya tuba."

"Me ya sa?"

"Ya jiyar da ni na Oga. Na ce kada a saki wannan, za a yi masa dariya. Sai na yi abin da na saba yi masa."

"Ka saba?"

Ya ja kujera ya zauna nesa da ni, ya haɗa hannuwa tsakanin gwiwoyi.

"Shekara biyu kafin ya rasu, kunnensa ya fara tafiya. Ba ciwon da ya kwantar da shi ba, wannan daban. Likita ya ce jijiya ce, ba ta dawowa. Sautin sama ya fara ɓace masa, sai ya riƙa ƙara shi, yana ƙarawa, bai san ya yi yawa ba. Wata rana ya kira ni. Ya ce, Albasa, zo ka ara min kunne. Tun daga nan yana gamawa sai ya turo min. Da farko ragewa kawai nake. Daga baya sai in share in sake, yadda na san da zai yi."

"Finafinai nawa?"

"Uku na ƙarshe."

Masu karatu, finafinai ukun nan su ne hujjata. Su nake ɗagawa a taro in ce ga yadda ake kiɗa. Akwai ranar da na tsaya a gaban mutane, Albasa yana zaune a layi na biyu, na ce wasu su je su kalli fim na ƙarshen nan sau goma ko Allah zai sa su koyi kunya. Ya tafa min. Na tuna, har ya fi kowa tafi.

"Ƙarya kake," na ce, amma muryata ba ta goyi bayana ba. Domin abubuwa sun fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na kira su ba. Talabijin da ya riƙa ƙure wa murya ina faɗa. Wayar da ya daina ɗagawa ya koma rubutu. Kiran da nake masa daga kicin ba ya amsawa, in ce miskilanci ne. Kuma a shekarun nan biyu, duk lokacin da nake magana sai ya ajiye abin da yake yi ya juyo ya zuba wa bakina ido. Na faɗa wa Yaya cewa mijina ya sake sabuwar soyayya. Na yi alfahari da haka. Ashe karatu yake.

"Me ya hana shi faɗa min?"

"Na ce ya faɗa. Ya ce in kika sani za ki fara yi masa magana a hankali kamar mara lafiya. Ya ce kuma a duk duniya mutum ɗaya ne ya yarda shi ne na ɗaya, bai shirya rasa mutum ɗayan ba."

Na dubi bangon soso. Abin kirki ne soso, ba ya maido maka da komai.

"To kai da ka iya wannan, me ya kai ka ga goge kamar ana biki a kan kowane hawaye?"

Ya yi ɗan murmushi. "Cikin daraktoci goma, tara cewa suke a ƙara goge. Oga yana da zuciyar cewa a'a. Ni ba ni da ita. Sai in na sa sunansa nake samun ta." Ya ɗago. "Ki sa na biyun, ki rubuta sunan Oga. Mu uku muka sani. Ban taɓa neman komai a kai ba, yanzu ma ba na nema."

"Kuma ka bar ni shekara huɗu ina zaginka."

"Zagin yana da daɗi. Ai aikina kike yabo."

Ban yi masa sallama ba. Ina sauka ya leƙo ta sama ya ce, "Matar Oga, a hankali, ta uku daga ƙasa tana motsi."

Na koma ɗakin tacewa da la'asar. Na rufe ƙofa, na sake ɗora na ɗaya, wannan karon ban kalli allo ba. Sai na ji abin da ban ji da safe ba. Ba cunkoso ba ne, nema ne. Marigayi ya sa goge bai ji ba, ya ƙara sarewa. Bai ji ba, ya ƙara fiyano. Yana buɗe ƙofa bayan ƙofa ko zai tarar da wani a ciki. Gangar nan ta ƙasa ita kaɗai ce a daidai, ba ta wuce ba, ba ta gaza ba. Na tuna wata rana na kai masa shayi na tarar ya ɗora tafin hannunsa a kan lasifika, ido a rufe. Na ce me kake yi, ya ce yana duba ko ta yi zafi.

Na ɗora hannuna a kan lasifikar, na ɗaga ido na dubi allo. Gangar ta bugo cikin tafina. Sai da ta jira tsohuwar ta tashi neman allura sannan ta shigo. Ita kaɗai yake ji, kuma ita kaɗai ta bi doka.

Na yi niyyar in sa shi a hakan, in ce wa duniya ta sha. Amma na san abin da marigayi zai ce da yana tsaye a bayana, hannu a haɓa. Na cire na ɗaya daga kan fim ɗin, na tura shi cikin wayata. Na ɗora na biyu. Da na zo jerin sunaye, wurin da aka rubuta kiɗa, na zauna ina kallon ɗan layin nan yana ƙiftawa. Na rubuta sunan mijina. Na karanta shi sau uku. Na goge. Sannan na rubuta na Albasa, sunansa na gaskiya, wanda sai da na yi minti biyu kafin na tuna shi.

Ruwan da aka yi hasashe tun Lahadi sai a ranar ya sauko. Gilashin baya bai rufe ba, kujerar ta jiƙe sharkaf. Ban wuce gidana ba, don ban shirya ganin kofin nan ba. Na tsaya gidan Umma.

Suna falo. Yaya ta san ranar ce, ni da bakina na yi mata shela.

"To, malamar kiɗa," ta ce. "An yi jarrabawar? Na wa kika ɗauka?"

Na cire takalmi, na jera su da kyau, na ɗauki lokaci a kai.

"Wanda ya fi kyau."

Umma ta sauke numfashi ta ci gaba da ninkin ta. "Na marigayi ke nan. Shi ke nan, Allah ya jiƙansa. Bawan Allahn can kuma sai a ba shi haƙuri, ya daina wahalar da gwiwarsa."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Kalma ɗaya ce za ta rufe maganar har abada, kuma Umma ta riga ta faɗe ta a madadina. Abin da ya rage min kawai in yi shiru.

Amma Yaya ta ajiye wayarta. Ta tallafe haɓa tana kallona kamar mai kallon fitowa da aka kashe wa sauti. Ta kalle ni sau ɗaya. Ta sake. A na uku ta miƙa hannu ta taɓa gwiwar Umma.

"Umma, bar ninkin nan. Dubi fuskarta."